Uku da Ɗoriya

Waɗanda suka taso a Mbamoi da sauran unguwannin cikin garin Yola kafin bulo da kwano su mamaye ko'ina za su tuna yadda ake fitar da harsashin ɗaki. Babu takarda, babu fensir. Magini zai kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaura masa igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya ja ta miƙe, sannan ya zagaya yana tsaga ƙasa har ya dawo inda ya fara. Mu yara muna gefe, jira muke a aike mu ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Haka ake yi wa rumbu, haka ake yi wa bakin rijiya.

Lissafin da ke biyo baya ne ba mu lura da shi ba. Kafin a ɗora tubalin farko sai magini ya san tsawon bangon da zai kewaye, mai jinka kuma ya san shibcin da zai ishe shi. Ƙa'idar ɗaya ce: auna faɗin ɗakin ta tsakiya, ka ninka uku, ka ƙara ɗoriya. Ɗakin da faɗinsa kamu 7 ne, ninki uku zai ba ka 21, amma igiyar da za ta zagaye bangon sai ta kai kamu 22. Duk wanda ya raina wannan kamu ɗaya zai ga bakin aikinsa ya ƙi haɗuwa.

Da muka shiga makarantar boko, malamin lissafi ya rubuta mana 22/7 a allo, ya zana harafin π, ya ce sunansa pai. Muka haddace, muka ci jarrabawa, yawancinmu muka manta. Babu wanda ya ce mana wannan 22 ɗin da wannan 7 ɗin su ne igiyar Baba magini da muka baro a gida da safe. A ganina nan ne muka yi asara, kuma har yau 'ya'yanmu suna yin ta. Yaro zai zauna jarrabawar WAEC yana zufa a kan tambayar da'ira, alhali mai waldar da ke lanƙwasa ƙarfen tankin ruwa a Jimeta, da telan da ke auna kai zai ɗinka hula, da wannan lambar suke cin abinci kullum.

Ɗoriyar nan ta daɗe tana hana masana barci. Fiye da shekara 3,500 da suka wuce, wani magatakarda a Masar mai suna Ahmes ya kwafe littafin lissafi wanda a ciki har da yadda ake gano hatsin da rumbu mai zagaye zai ci. Dabararsa, in aka juya ta zuwa lissafin yau, tana ba da 3.16. Wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa, Arkimidis na tsibirin Sisili ya ɓullo ta wata hanya. Ya zana siffa mai gefe 6 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya yi ta ninka gefunan har suka kai 96, yana ritsa lambar ta gaba da baya kamar yadda mafarauta ke ritsa nama. Ya gano cewa ta fi 223/71, amma ba ta kai 22/7 ba. Ashe abin da muka haddace iyaka ce ta sama, ainihin lambar tana ƙasa da ita kaɗan, wato 3.14159 da abin da ya biyo baya. A ɗaki mai kamu 7 bambancin bai kai faɗin farce ba, shi ya sa bango bai taɓa tona asirinsa ba. A ƙasar Sin kuma, cikin ƙarni na 5, Zu Chongzhi ya matso kusa sosai da 355/113.

Inda na fi son mu dakata shi ne wurin malaman Musulunci, domin ba kasafai ake ambaton su a ajinmu ba. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya kawo uku da ɗaya bisa bakwai a littafinsa na aljabara a matsayin abin da ya wadaci mai aikin yau da kullum, sannan ya kawo 3.1416 a matsayin abin da masu ilimin taurari ke amfani da shi. Ya san bukatar magini daban, ta mai duban sama daban, bai kuma raina ko ɗaya ba.

Bayan shekara 600, a Samarƙand, ƙarƙashin Sarki Ulugh Beg, Jamshid al-Kashi ya ɗaura wa kansa wani buri: ya lissafa kewayen sararin samaniya, gwargwadon girman da suke zato a lokacin, ba tare da kuskuren ya kai kaurin gashin doki ba. Hanyar Arkimidis ya bi, amma shi siffarsa gefe 805,306,368 gare ta. Da alƙalami da tawada ya yi aikin, kuma a 1424 ya fitar da lambobi 16 bayan ɗigo, duka daidai. An haura shekara 150 kafin a sami wanda ya wuce shi. Sannu ba ta hana zuwa. Duk lokacin da na ji matashi yana cewa lissafi abin Turawa ne, wannan bawan Allah nake tunawa. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba wajen son lambobi: Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan jadawalin da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, shekara ɗari cif kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841.

Harafin π da muke rubutawa yau William Jones ne ya fara ba shi wannan aiki a Ingila a 1706. A 1761 Johann Lambert ya tabbatar da abin da aka daɗe ana zato: babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba su ba ka pai daidai. Lambobinsa ba sa ƙarewa, ba sa kuma komawa su maimaita kansu. Sanin haka bai sa an bar bin sawunsa ba. A 1949 wata kwamfuta a Amurka ta fitar da lambobi 2,037, a 2022 kuma aka kai tiriliyan 100. Hukumar NASA, mai aika kumbo duniyar Mars, lambobi 15 bayan ɗigo sun ishe ta. Sauran, wani ɓangare gwajin ƙarfin na'ura ne, wani kuma tsabar ƙauna. Akwai mutanen da ke haddace dubban lambobin nan su karanto da ka, abin da ba zai ba mu mamaki sosai ba mu da muka girma cikin mahaddata.

A 2019 hukumar UNESCO ta ware 14 ga Maris ta zama ranar lissafi ta duniya, saboda wata na 3 da rana ta 14 sun yi daidai da 3.14. Da malaman makarantunmu na Yola da Jimeta za su karɓi shawarar dattijo, da ranar nan an ajiye alli. Kowane yaro ya zo da zare da abu mai zagaye daga gida: faifai, murfin tukunya, kwarya, tsohuwar tayar keke. Ya auna kewaye, ya auna faɗi, ya raba da kansa. Wani zai sami 3.1, wani 3.2, babu wanda zai sami 4 ko 2, komai girman abin da ya kawo. A ƙauyukan hanyar Fufore da Girei har yanzu akwai masu gina ɗakin zagaye, a gayyato ɗaya ya kafa turkensa a filin makaranta. In wani yaro ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa amsoshin suka yi kusa amma suka ƙi zama ɗaya, daga nan malam sai ya ɗauko labarin Arkimidis da al-Kashi.