Girman Taya Ba Shi Ne Ƙarfinta Ba

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa ba ta rabuwa da amfanin gona, rani da damina. Shinkafa da tumatir da albasa kuwa ba su kai kansu kasuwa. A-kori-kura ke fid da su daga gona zuwa Kwanar Gafan ko injinan casa na Kura.

To, hanyoyin gefen magudanan ruwa ba su rasa laka da ramuka. Saboda haka waɗansu masu mota su kan cire wili mai inci 14, su ɗaura mai inci 16 da doguwar taya, don cikin mota ya tashi daga ƙasa. Dalilin nan yana da kan gado. Amma inda kuskure ya ke shi ne zaton da a kan yi, wai da taya ta ƙara girma, mota ta ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Wannan kallon kitse ne a ke yi wa rogo.

Kowace taya ƙarfinta na rubuce a gefenta. Wadda aka rubuta wa 195R14C, kana 106 ya biyo baya, tana ɗaukar kilo 950, harafin C kuwa alama ce ta tayar motar kaya. Wadda lambarta 91 ce, kilo 615 kaɗai ta ke ɗauka, ko da ta fi waccan faɗi da kyan gani. Har wa yau akwai lambobi huɗu masu nuna ranar ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Karanta su wajibi ne, domin tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Nijeriya a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008, daga waje taya ke zuwa, da yawa kuwa tsofaffi ne da suka gama aiki a wata ƙasa.

Sa'an nan doguwar taya tana da nata haraji. Mota ta kan yi nauyin tashi, kuloci ya wahala. Birki ba ya kamawa da sauri kamar dā. Agogon gudu ya kan ruɗi direba: in tsawon taya ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, allura na kan 100 alhali mota na gudun 105. Kaya kuma sun ƙara nisa da ƙasa, watau kifewa a kwana ta yi sauƙi. In aka jibga buhuna sifirin ya kwanta, sai taya ta riƙa gugar jikin mota, ta yi zafi, ta fashe bisa kwalta. Bisa buhunan nan kuwa sau da yawa 'yan ƙwadago ne a zaune, masu iyali na jiransu a gida.

Ba a ce kada a sāke taya ba, amma a sāke da ilmi. Tsawon sabuwa kada ya yi nisa da na asali, lambar ƙarfinta kada ta gaza wadda maƙera motar suka ƙayyade. Tayoyi biyu na ƙafa ɗaya, gaba ko baya, su zama iri ɗaya, girma ɗaya. A auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Mai faci da mai sayarwa su karanta wa mai saye abin da ke rubuce, kada su ɓoye aibu don riba.

Mai mota kuma ya tuna, sifirin da birki da ƙashin motarsa ba su ƙaru ba don taya ta ƙaru. Kayan da suka fi ƙarfin sawu ɗaya, a yi musu sawu biyu. Kuɗin man sawu na biyu ana mayar da shi a kaka mai zuwa, rai kuwa ba a mayar da shi. Haza wassalam.