Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Gidan Ɗan Hausa

Zuwa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano,

Wannan wasiƙa tana magana ne kan Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, wajen ganuwar birni.

Mai ziyara yakan ji sunan Hanns Vischer tun daga bakin ƙofa, kuma ya cancanta. Baturen nan haifaffen Suwizalan ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, sannan a 1909 ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Jin Hausarsa ne ya sa Kanawa suka raɗa masa Ɗan Hausa.

Amma darajar gidan ba ta tsaya ga Vischer da ya zauna ciki ba. Magina Hausawa ne suka kwaɓa ƙasa, suka jera tubali, suka ɗora azara, suka fitar da zane a bango. Wannan gwaninta tana ƙaranci tunda siminti ya mamaye gari, kuma damina ba ta yi wa ginin ƙasa sassauci.

Roƙon dai shi ne Hukuma ta auna ginin ɗaki-ɗaki, ta rubuta inda aka taɓa gyarawa, ta kuma naɗi bayanan tsofaffin magina kafin yaɓe na gaba.

Wassalam.