Wa Zai Ɗauki Masanin Halayyar Ɗan Adam Aiki?

Da zarar yaro ya ce zai karanci ilimin halayyar ɗan Adam, sai ka ji iyaye sun ce, "To, wa zai ɗauke ka aiki?" Suna da gaskiyarsu, domin digirin farko kaɗai bai isa a danƙa wa mutum majinyaci ba, sai ya ƙara da na biyu da horo a asibiti, kuma ya kamata ɗalibi ya san haka tun kafin ya cike fom ɗin JAMB. Amma buƙata kam tana nan jibge. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau, ga matasan da ƙwaya ta cinye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan Borno da Zamfara da aka kashe mazajensu a kan idonsu. Magani kaɗai ba ya raba su da firgita cikin dare, suna buƙatar ƙwararren da zai zauna ya saurare su da harshensu. A 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Saura gwamnoninmu su buɗe guraben aikin a manyan asibitocin jihohi da makarantun sakandare.