Kogin Kubanni: Masu Iko Da Yawa, Mai Kula Babu

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa Dutsen Kufena da rani ya san abin da ido ke gani daga can bisa. Ƙasa ta bushe ƙayau, sai fadamu kaɗai ke kore shar. Wannan koren kuwa albarkar ruwa ce. Allah ya hore wa ƙasar Zazzau koguna irin su Galma da Kubanni da Saye, amma a kan Kubanni nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Kubanni yana tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda aka datse shi don samun ruwan sha. Daga nan sai ya gangaro tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Galma. Shi kuma Galma ya kai ruwansa Kogin Kaduna, Kaduna ya zuba a Kwara.

Wanda duk ya tsaya a kan gadar Kubanni ya leƙa ƙasa ba sai an ba shi labari ba. Ga juji a bakin gaɓa, ga leda, ga ruwan kwatami yana kwarara ciki. Can gaba kaɗan masu lambu suna ban ruwa da wannan ruwan, gobe kuma a kai latas da tumatir kasuwa mu saya. Da damina kuwa, ruwan sama yakan kwaso ƙasa daga gonaki ya tara a madatsa, har ruwan da take iya riƙewa ya ragu.

To, jama'a, alhakin wa ne? A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, kuma wadda ke kula da Jihar Kaduna a yau hedkwatarta tana Minna. Akwai Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna mai tace ruwa da rarraba shi. Akwai KEPA, watau hukumar kare muhalli ta jiha, da takwararta ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007. Ga Ƙaramar Hukumar Zariya, ga ta Sabon Gari, ga kuma Jami'a da madatsarta. Kowace da dokarta da ma'aikatanta da iyakar ikonta. Shi kuwa kogi bai san iyaka ba. Sharar da aka zuba a wannan gaɓa, mutanen waccan gaɓar ne za su sha. Idan mai unguwa ya ga ana zubar da ƙazanta, ofishin wa zai nufa? A ganina nan ne gizo ke saƙar.

Wani zai ce ai rashin kuɗi ne. Ban musa ba, amma mu dubi aikin ruwan Zariya. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Galma a Kuzuntu, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau. Gwamnatin jiha ta gina matatar da aka buɗe a 2017, mai iya tace lita miliyan 150 a kowace rana. Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci suka sa hannu a aikin. In an iya haɗa kai don a kawo ruwan famfo, me zai hana a haɗa kai don a tsare kogunan da ruwa ke fitowa? Ko Tafkin Cadi, tun 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa masa hukuma ɗaya, ga shi kuwa kowace ƙasa da gwamnatinta. Ashe ofisoshin da ke aiki a jiha guda ba su da hujjar ƙin zama tare.

Shawarata ita ce a kafa kwamiti ɗaya na kogunan Zariya, kowace hukuma ta ba da wakili, a sa Masarautar Zazzau da hakimai da shugabannin masu lambu a ciki. Su riƙa zama kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta. A ware ofishi guda wanda kowa ya san can ake kai kuka. A riƙa auna ruwan, a faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa. A tanadi wuraren zuba shara nesa da gaɓa, domin hani ba tare da nuna wani wuri ba aikin banza ne. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma ɗalibai muna da namu rabon. Kada mu jefa shara a kwata, domin ƙarshenta kogi za ta. Mu shuka itatuwa inda aka ba mu dama. Iyayenmu kuma, idan masu neman ƙuri'a sun zo, ku tambaye su wa zai kula da Kubanni. Allah ya sa masu iko su ji, amin.