Kifin Shak da Mutanen Jirgin Nova Scotia

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako, ina roƙon fili kamar yadda ka saba ba ni.

A ƙasar Zuru, in ana zancen Yaƙin Hitila, dajin Bama kaɗai ake tunawa, ba a tuna teku. To, jama'a, ku saurara.

Ran 28 ga Nuwamba, 1942, jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi jirgin Ingila mai suna Nova Scotia kusa da gaɓar Natal, a Afirka ta Kudu. Mutum 1,052 ke ciki, yawancinsu fursunonin Italiya. Nan da nan ya nutse, kwale-kwalen ceto ba su samu sauka ba sai ɗaya. Mutane suka rungumi katakai, suka kwana cikin ruwa da baƙin mai. Jinin masu rauni ya kira kifin nan mai haƙora kamar zarto, wanda ake kira shak, ya dinga fizge su. Kashegari jirgin Fotugal ya iso, ya tsamo 194. Sauran 858 suka halaka.

A 1943 sojojinmu na Runduna ta 81 suka bi ta wannan ruwa zuwa Indiya. Kakanninmu ne, waɗanda Gulbin Ka ne babban ruwan da da yawansu suka sani, amma suka shiga.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta da akawuna, kowa ya rubuta abin da tsofaffin gidansu suka ji daga bakin sojojin nan, tun bai ɓace ba. Magana iska ce, rubutu shi ke zama.

Naku,
Wani Akawu,
Rikoto, Zuru.