Sharhi: Amfanin Ƙididdigar Masu Ziyartar Shafin Intanet Wajen Bunƙasa Ciniki

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, harkar saye da sayarwa ke sauya kama sannu a hankali. A shekarar 2012 kamfanonin Jumia da Konga suka buɗe shagunansu a intanet, sannan ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, ya tilasta wa mutanen karkara da dama koyon tura kuɗi ta waya. A yau akwai masu zuma, masu kilishi, masu ɗinkin hula da ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ke tallata hajarsu a Facebook da WhatsApp, wasu ma sun buɗe shafukan kansu. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke iya tantance ko tallan na jawo ciniki, ko kuwa asarar kuɗin data kawai ake yi.

Ɗan kasuwar da ke zaune a rumfarsa a Kantin Kwari ko Dawanau yana ganin mai saye da idonsa. Ya san wanda ya taya ya tafi, ya san wanda tsada ta kora. Mai shago a intanet ba shi da wannan dama, don haka ƙididdiga ce ke zame masa ido. Kamfanin Google ya fitar da manhajar Google Analytics kyauta a shekarar 2005, kuma sabon zubinta ya maye gurbin tsohon a watan Yulin 2023. Haka nan Facebook da Instagram suna nuna wa mai shafin kasuwanci yawan mutanen da tallansa ya kai gare su, da shekarunsu, da garuruwan da suke.

Abubuwa huɗu ne ya kamata ɗan kasuwa ya sa wa ido. Na farko, mutum nawa ne suka shigo. Na biyu, daga ina suke, kuma ta wace hanya suka zo. Na uku, a wane mataki suka juya baya. Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, mutum nawa ne suka biya kuɗi.

A ɗauki misalin ƙungiyar masu zuma da mutum 200 suka duba hajarta cikin mako guda, 30 suka tambayi farashi, amma 2 kacal suka saya. Wannan lissafi ya nuna cewa tallan ya isa ga jama'a, matsalar tana wajen farashi ko kuɗin aika kaya. Ƙara kashe kuɗi a kan talla ba zai magance ta ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta farashi da kuɗin mota a fili, ko a samar da ƙaramar kwalba mai sauƙin kuɗi, sannan a sake duba lissafin bayan mako biyu. Idan kuwa ƙididdiga ta nuna yawancin masu tambaya daga Abuja ko Legas suke, sai a nemi amintaccen direba a tashar da ke lodin can. Sharaɗin shi ne a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin a gane ainihin abin da ya kawo canji.

Duk da haka, akwai buƙatar taka-tsantsan. Yawan masu yaba hoto ba ya nufin an yi ciniki, kuma akwai masu sayar da mabiya na bogi waɗanda ba za su taɓa sayen komai ba. Bugu da ƙari, ciniki kan tashi gab da Sallah ya kuma sauka da damina, saboda haka a kwatanta watan bana da irinsa na bara. Sannan dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin wayar abokan ciniki alhakin tsare su.

A nan ne jami'an ƙananan hukumomi ke da rawar takawa. Ya dace jami'an raya karkara da shugabannin ƙungiyoyin gama-kai su sanya karanta ƙididdiga cikin horon da suke bai wa matasa da mata, tare da haɗin kan hakimai da dagatai. Wanda bai da shafi ma zai iya farawa da littafi da biro, ya riƙa rubuta wanda ya tambaya, garinsa, da ko ya saya. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Jarin mutanen karkara ƙanƙane ne, bai kamata a bar shi ya salwanta a kan tallan da ba a san sakamakonsa ba.