Kada Mu Manta da Mazan Bama

Kowace shekara, ran 6 ga watan Yuni, Turawa sukan taru a Normandi ta ƙasar Faransa, su girmama sojan laima waɗanda suka dira da dare a bayan rundunar Jamus cikin 1944. Wannan abu ya kyautu ƙwarai. To, mu fa, ina namu?

A wannan shekara ta 1944 aka kwashi bataliya uku na sojan Nijeriya, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, cikin jiragen sama, aka sauke su tsakiyar dajin Bama a bayan sojan Japan, cikin rundunar da Janar Wingate ya kafa. Abinci da harsashi duk daga sama ake jefo musu da laima. Da yawansu 'ya'yan manoman Arewa ne.

Yau kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya, labarinsu kuwa yana neman binsu kabari. Saboda haka muna roƙon malamai su aiki almajiransu wurin iyalan tsofaffin soja, su rubuta abin da aka ji daga bakinsu. Akawuna kuma su taimaka a adana takardun sallamarsu da lambobin yabo. Allah Ya jiƙansu, amin.